Fitilun Bayan A-kori-kura: Jan Kunne Ga Masu Mota, Dillalai Da Fatake

 Yau mun ɗan jingine maganar farashin buhu da tiya, za mu yi magana a kan abin da yake kai buhun kasuwa ya komo da mai shi gida, watau tsohuwar a-kori-kura, musamman fitilunta na baya da na gefe, da jan ƙyallin nan da ake mannawa a gindinta.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne kaka ta yi. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo sun fara fitowa daga ƙauyuka, kuma kowa ya san kasuwar ƙauye ba ta watsewa sai bayan la'asar sakaliya. Kafin a gama awo, a ɗinke buhuna, 'yan dako su gama lodi, a biya la'ada, magariba ta wuce. Saboda haka yawancin kayan da ake kaiwa Dawanau ko Ɗambatta ko Daura a cikin duhu suke tafiya. Ga hunturu kuma yana tafe da hazonsa. Motar da ba a ganin bayanta da dare kuwa, dukiyar da ke cikinta da rayukan da ke kanta duka a bakin rami suke.

Motocin da muke nufi

Kowa ya san su. Akwai Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, da ƙanwarta 504 wadda a-kori-kurarta ta fito a wajajen 1980. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, shi ya sa suka cika ƙasar nan, kayan gyaransu kuma suka wadata. Akwai Datsun, musamman samfurin 620 da aka yi daga 1972 zuwa 1979, sa'an nan da Toyota Hilux da ta fara fitowa a 1968. Waɗannan motoci sun ga jiya sun ga yau. Wata ta girmi direbanta, wata ta girmi mai ita. Injinsu mai haƙuri ne, kowane bakanike na bakin tasha ya san cikinsa. Amma fa in ka zagaya bayansu, a nan za ka ga abin tausayi: gilashin fitila ya fashe an ɗaure da leda, ko an shafa masa jan fenti, ko ramin kawai ya rage wayoyi suna reto.

Mai mota zai kashe kuɗi a kan taya da sifirin da batir ba ya ko ƙorafi, domin in babu su mota ba ta motsi. Fitilar baya kuwa, tun da mota tana tafiya ko babu ita, sai a ce a bari sai wata kasuwar. Haka wata kasuwar take zama shekara.

Abin da kowace fitila take faɗa

Fitilun mota magana suke yi, kuma launinsu shi ne harshensu. A yawancin ƙasashen duniya an daidaita a kan cewa ja na baya ne, fari na gaba ne, ruwan lemo kuma na sigina ne da gefe. Wanda ya hango ja ya san bayan mota ne. Wanda ya hango fari ya san mota ce take fuskanto shi. Farar fitila guda ɗaya tak aka yarda a baya, ita ce fitilar ribas, wadda ba ta kamawa sai an sa giyar baya, ban da 'yar ƙaramar da take haska lamba.

Fitilar ribas aiki biyu take yi. Tana haska wa direba abin da ke bayansa, tana kuma gaya wa mutane cewa motar nan baya za ta yi. Ku duba yadda wurin lodi yake da dare: ga buhuna a ƙasa, ga yara masu talla, ga akuya a ɗaure, ga mai baro yana kutsawa. Direba ya yi lodi har ya rufe gilashin baya, ba ya ganin komai sai ta madubin gefe, in ma akwai shi. Yaron mota yana buga bodi yana cewa «zo, zo, zo», alhali shi ma gefe ɗaya yake gani. Mun sha ganin an take kwanon awo da buhun wake, mun kuma ga wanda aka take wa ƙafa ya yi watanni ba ya fita nema. Farar fitila da ta kama a kan lokaci da ta isa ta sa kowa ya matsa.

Jan ƙyalli kuwa, shi ba ya cin wuta ko kaɗan. Ba shi da waya, ba shi da ƙwai. A cikinsa akwai ƙananan kusurwoyi birjik, kowace kamar lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Haske in ya shiga sai ya daki fuskokin nan uku ya koma ta hanyar da ya zo, watau kai tsaye zuwa ga direban da ya haska shi. Amfaninsa ke nan: ran da batir ya mutu, ko waya ta ƙone, mota ta tsaya cik a kan titi, duk fitilu sun ɗauke, shi kaɗai ne zai yi magana a madadinku.

Fitilun gefe su ne waɗanda mutanenmu suka fi rainawa, har wasu suna ɗauka ado ne. Asalinsu daga Amurka ne. Dokar can ta ce duk motar da aka ƙera daga 1 ga Janairu 1968 sai ta kasance da fitila ko ƙyalli a gefe, daga 1970 kuma aka ce sai duka biyun, ruwan lemo a gaba, ja a baya. Ƙasashen Turai ba su wajabta wa ƙananan motoci haka ba. Shi ya sa za ku ga motar da aka shigo da ita daga Amurka tana da su, amma Peugeot ɗinmu babu. To, a ƙasarmu ma suna da rana. Hanyoyin burji da na jar ƙasa da suke fitowa daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura duk a kan kwalta suke ɓullowa. A-kori-kura mai nauyi in za ta hau titi a hankali take hawa, ta gindaya jikinta a tsakiyar hanya, fitilun gabanta suna kallon daji, na bayanta ma suna kallon daji. Mai tahowa a guje ba ya ganin komai sai ya zo dab. A nan ne ƙyallin gefe yake ceton rai.

Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe

Mu 'yan kasuwa ne, da lissafi muke gane magana. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga abu, ya gane mene ne, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, watau mita 33 sun tafi birki bai ma fara aiki ba. Bayan nan motar tana bukatar kusan wasu mita 35 zuwa 40 kafin ta tsaya, in titi busasshe ne, birki da taya kuma lafiyayyu. Jimla kimanin mita 70 ke nan. In tirela ce ko motar da ta sha lodi, ya fi haka nesa ba kusa ba.

To, fitilar gaba in an rage ta saboda masu tahowa, ba ta nuna baƙin abu daga wannan nisa. A-kori-kura da aka lulluɓe da tamfol mai duhu, ƙura ta rufe bodinta, ba ta da maraba da dare kansa. Amma jan ƙyalli mai tsabta ana hango shi daga fiye da mita 100. Tsakanin waɗannan lambobi biyu nan ne ake rabuwa da dukiya, a nan ne kuma ake tsira da ita. Ku tuna hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure ba ta barci, manyan motoci masu zuwa iyakar Nijar suna bin ta dare da rana.

Inda cutar take

Wanda ya san inda cuta take ba ya biyan kuɗin banza. Ga abin da aka fi samu a waɗannan tsofaffin motoci.

Na farko ƙwan fitila. Ƙwan ribas da na sigina mai zare ɗaya ne, wat 21, bolt 12, gindinsa da ɗigon dalma ɗaya, 'yan kunnuwansa biyu kuma daidai suke da juna. Na birki da fitilar dare a yawancin motoci mai zare biyu ne, wat 21 da wat 5, ɗigon gindinsa biyu, kunne ɗaya yana sama da ɗayan don kada a juya shi. In aka danna mai zare ɗaya a ramin mai zare biyu da ƙarfin tsiya, sai ya haɗa wayoyin biyu, ka taka birki ka ga fitilun gaba ƙanana sun kama. Sa'an nan a kula da rubutun da ke jikin ƙwan. Na manyan motoci bolt 24 ne. In aka sa shi a a-kori-kura zai kama, amma kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Na biyu tsatsa. Wutar mota ta waya take zuwa, ta jikin ƙarfen mota kuma take komawa batir. Bayan a-kori-kura kuwa shi ne yake shan ruwan damina da fitsarin dabbobi da gishirin taki. In wurin da aka ɗaure fitila ya yi tsatsa, wuta ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta wani ƙwan. Alamarsa ita ce ka sa sigina ka ga fitilar birki tana kyaftawa tare da ita, ko ka taka birki duk su dushe. Maganinsa mai sauƙi ne: a kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ko a jawo sabuwar waya daga gidan fitilar zuwa shasi a ɗaure da kyau.

Na uku makunnin ribas. Yana jikin akwatin giya, da wayoyi biyu. In fitilar ribas ta ƙi kamawa, a ja birkin hannu, a buɗe makulli ba tare da an ta da inji ba, a sa giyar baya, wani ya duba. In babu wuta, a duba ƙwai da fis. In suna lafiya, mai wayarin ya zare wayoyin nan biyu ya haɗa bakinsu. Fitila ta kama, to makunnin ne ya mutu, a saya wani. Wasu don gudun wannan sai su sa makunnin hannu a gaban direba. Haɗarinsa mantuwa. Direba ya gama ribas ya hau titi da farar fitila a baya, na bayansa ya ɗauka mota ce take zuwa, ko hasken ya kashe masa ido. Wanda ya ga lalle sai ya yi haka, ya haɗa da 'yar fitila a gabansa mai tuna masa.

Na huɗu fis. Ƙwai biyu na wat 21 amfiya uku da rabi suke ja, ba su isa su ƙona fis lafiyayye ba. In fis yana yawan ƙonewa, waya ce ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe. Wanda ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko ya sa guntun waya a madadinsa, ya cire mai gadi ne ya bar ɓarawo a ɗaki. Ran da wayar za ta yi zafi, a ƙarƙashin buhunan zoɓo ko harawa za ta yi.

Na biyar, kuma shi ne laifin da ya fi zama namu, lodi. Muna sauke marfin baya don a ƙara buhu biyu, sai ya rufe lamba, wani lokaci har fitilu. Muna barin tamfol ya sauko ya lulluɓe su. Muna sa maƙeri ya ƙara wa bodi faɗi da ƙarfe ko katako, fitilu suna can ciki, mai tahowa ya auna faɗin mota da su, ya zo ya kwashi abin da ya yi waje. Duk wanda ya ƙara faɗi ko tsawo, ya kai ƙyalli har bakin inda ƙarin ya tsaya. Mai ɗaukar rake ko azara ko rodi ko kwanon rufi ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen kayan da rana, da dare kuma ya rataya abu mai ƙyalli.

Wajen saye

Kayan nan ana samunsu a Kofar Ruwa a Kano, ƙananan kuma kamar ƙwai da fis ko a bakin tashar Kazaure ba a rasa su. Iri uku ne a kasuwa: na asali da aka cire daga wata motar, da sabo mai kyau, da jabu. Araha ba ta ado. Gilashin jabu kafin rani ɗaya ya wuce rana ta cinye jansa ya koma kamar ruwan shayi, ka taka birki a ga fari.

Na asali yana da sunan maƙerinsa a jiki, an zuba shi tare da robar. A na Peugeot za ku ga irin su Cibié da Seima, a na Japan kuma Koito ko Stanley ko IKI. Akwai kuma alamar harafin E a cikin da'ira ga kayan Turai, ko SAE da DOT ga na Amurka. Amma masu jabu ma sun iya kwaikwayon rubutu, don haka kada a tsaya a nan. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na tocila. A ajiye ƙyallin a wuri mai duhu, a ja baya taku talatin, a riƙe tocila a kusa da ido a haska shi. Na kirki zai mayar da haske kamar idon kyanwa. Jabu kuwa jar roba ce kawai. A duba kuma ko ya tsage, domin kusurwoyin nan sai da busasshiyar iska a bayansu suke aiki, in ruwa ko ƙura ta shiga sun makance ko da ana ganinsu ja.

Yanzu akwai ƙwai na LED, ba sa cin batir sosai, suna kuma jure girgizar hanyar burji fiye da mai zare. Abu biyu za a sani. Wasunsu in an juya su ba sa kamawa, sai a zare a juyo. In kuma aka sa su a sigina, tana iya kyaftawa da sauri ko ta ƙi gaba ɗaya, sai an canja abin kyaftawar. Amma masu shuɗi da kore da masu wal-wal kamar gidan biki, waɗannan a bar wa masu ado. Mai bin ka a baya bai san abin da suke nufi ba.

Akwai kuma tef mai ƙyalli, irin wanda ake gani a jikin tireloli. Shi ne ya fi sauƙi ga motar da ba ta da fitilun gefe. A wanke wurin, a goge maiƙo, a bari ya bushe, sa'an nan a manna: ja a baya, ruwan lemo a gefe. Kada a sa ja a gaba. Wanda yake da amalanken shanu mai kawo masa kaya daga gona, ya yanka ɗan guntu ya manna mata, domin ita ma titin nan take hawa, ba ta da ko ashana.

Ga dillalai

Ku da kuke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, amana ce a wuyanku. Mai saye yana zuwa ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya buga taya da ƙafa, ya manta da baya. Ku tuna masa. A gwada fitilar dare, da birki, da sigina hagu da dama, da ribas, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a haɗa birki da sigina a lokaci guda don tsatsa ta tona kanta. In an ga wayoyi an ƙulla su da leda kashi-kashi, a sa kuɗin sabon wayarin a cikin ciniki. Gilashin asali na 404 kullum ƙara wuya yake yi, har a Faransa masu tara tsofaffin motoci nemansa suke. Motar da nata yake lafiya ta fi daraja, mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. Wanda kuma ya sayi sabon gidan fitila, kada ya yar da tsohon na asali.

Mu da muke ɗaukar shata mu ma muna da ta cewa. Kafin ka ɗora buhu ashirin na jarinka a kan mota, zagaya bayanta, ka ce «direba, taka mini birki in gani». Ba raini ba ne, ba kuma tsegumi ba. Ƙwan fitila bai kai kuɗin tiya ɗaya ta gero ba. In direbobi suka ga masu kaya suna tambaya, kafin sati biyu duk tasha za ta gyara.

In mota ta mutu a hanya

A tura ta ta sauka daga kwalta in da hali, ko da za a sauke wasu buhuna. A ajiye jar alamar nan mai kusurwa uku a baya, taku hamsin ko fiye, in a kan kwana ne ko bayan tudu a kai ta inda mai tahowa zai fara gani. Ganyen da muke karyowa mu jera yana da ɗan amfani da rana, amma da dare ganye baƙi ne. Mutane su sauka su koma can gefe, kada kowa ya zauna a baya ko ya kwanta a ƙarƙashi. In an gama gyara a kwashe duwatsun da aka tokare taya da su, domin mai babur yana tafe.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci suna da ikon tsayar da motar da fitilunta ba su cika ba, a ci ta tara. Mai ɗanyen kaya, kamar tumatir da albasa na noman rani, ya san abin da tsayuwar rabin yini take jawowa. Amma tara ita ce mafi ƙanƙantar hasara. Babbar ita ce wadda ba a biya da kuɗi.

Saboda haka muna roƙon shugabannin tasha da sarakunan kasuwa da 'yan kamasho na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, su sa wannan a cikin al'adar lodi: motar da za ta tashi bayan magariba, yaron mota ya sa tsumma ya goge fitilu da ƙyalli, a gwada su a gaban masu kaya, sa'an nan a ba da hanya. Aikin minti biyu ne. Kowane direba kuma ya ajiye ƙwai biyu da fis biyu da tocila a aljihun mota. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya shi da kayansa.